Barista Ɗan Shekara 22: Me Ke Jiransa a Bakin Kotu?

Yaron da ya shiga jami'a a Najeriya yana ɗan shekara 16, ya kuma dace da gurbi a tsangayar shari'a, zai iya zama cikakken lauya kafin ya cika 23. Digirin shari'a shekara biyar ne. Daga nan sai shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ta buɗe a Legas a Janairun 1963 da ɗalibai takwas kacal, yanzu kuwa hedikwatarta na Bwari ta Abuja, tana da rassa a Legas, Enugu, Bagauda ta Kano, Yola, Yenagoa da Fatakwal. Idan ya haye jarrabawar ƙarshe, dattawan sana'ar su rantsar da shi, a rubuta sunansa a kundin lauyoyi da ke Kotun Ƙoli, sai ya wuce bautar ƙasa da hular gashi da baƙar riga a cikin jaka.

A jami'o'in gwamnati lissafin kan goce. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, ga kuma jiran layi saboda wasu jami'o'in kan ɗebi ɗalibai fiye da gurbin da aka ware musu a makarantar lauyoyi. Shi ya sa akasarin waɗanda ke sanya hular tun suna ƙanana daga jami'o'i masu zaman kansu suke fitowa. A 2024 ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, wanda shi kansa ya taɓa shugabantar makarantar lauyoyin, ya so a mai da 18 ta zama mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a. Kafin shekarar ta ƙare an sauke shi, wanda ya gaje shi, Tunji Alausa, ya dawo da 16. Ke nan ƙananan lauyoyi za su ci gaba da fitowa, iyaye kuma za su ci gaba da tambayar me ƙuruciyar za ta tsinana wa 'ya'yansu.

A ranar da aka rantsar da shi, doka ta sakar masa komai. A Najeriya ba a raba lauyan da ke tsayawa gaban alƙali da lauyan da ke zaune a ofis yana rubuta yarjejeniya ba, kamar yadda aka raba su a Ingila. Mutum ɗaya ne ke riƙe da duka biyun, kuma washegari yana da ikon ya tsaya gaban Kotun Ƙoli ko ya kafa allo ya buɗe ofishinsa. A Ingila mai son tsayawa a kotu sai ya yi shekara guda yana bin wani babba kafin a sake shi. A nan babu dokar da ke tilasta haka. Makarantar lauyoyi tana koyar da darussa biyar: shari'ar laifuka, shari'ar haƙƙoƙi, dokar kamfanoni, dokar filaye da kadarori, da ladubban sana'a, tana kuma tura ɗalibai kotuna da ofisoshin lauyoyi na 'yan makonni su ga yadda ake yi. Wannan ya isa a ci jarrabawa. Bai isa a san wane magatakarda ne ke ɓatar da fayil ba, ko yadda ake bibiyar masinjan kotu har ya kai sammaci, ko lokacin da ya kamata a daina yi wa shaida tambaya kafin ya gyara abin da ya ɓata. Kuskure kuwa a wannan aiki tsada gare shi. A 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardu don kawai an sa hannu a kansu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauya, kuma wannan hukunci ya kashe shari'o'i da yawa a bayansa. Mai ƙara bai san komai ba a cikin wannan, amma filinsa ko kuɗinsa ne ke tafiya.

Inda ƙuruciya ke da riba ta gaske shi ne yadda sana'ar ke ƙirga girma. Ba ta tambayar shekarar haihuwa, shekarar rantsuwa take tambaya. Yarinya 'yar 27 da ta yi shekara biyar da hula ita ce gaba da dattijo ɗan 55 da ya yi ritaya daga aikin kwastan sannan ya karanta shari'a bara, kuma a kotu dole ya jira ta gama. Kundin tsarin mulki na 1999 ma da wannan ma'auni yake aiki: shekara goma da zama lauya kafin a naɗa mutum alƙalin Babbar Kotu ko Antoni Janar, 12 kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 kafin Kotun Ƙoli. Muƙamin Babban Lauya, wato SAN, wanda aka fara bai wa F.R.A. Williams da Nabo Graham-Douglas a 1975, shi ma shekara goma ne sharaɗinsa na farko. Wanda aka rantsar yana 22 ya cika waɗannan sharuɗɗa yana 32, 34 da 37. Tun gyaran da aka yi a 2023, alƙalan manyan kotuna duka suna iya zama a kujera har su kai 70, don haka yana da kusan shekara hamsin a gabansa.

An taɓa ganin haka a zahiri. Aloma Mariam Mukhtar, mace ta farko daga Arewa da ta zama lauya, an rantsar da ita a Najeriya a 1967 tana da shekara 22. Ta fara da ƙaramar lauyar gwamnati a Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Arewa, ta yi majistare, ta zama alƙaliyar Babbar Kotun Kano a 1977, ta shiga Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1987, Kotun Ƙoli a 2005, sannan Alƙaliyar Alƙalan Najeriya a 2012. Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais, mutumin Zariya, ya hau kujerar Kotun Ƙoli a 1979 yana ɗan 43, ya zauna a kanta shekara 27. To amma kada a ɗauki tarihinsu a auna wa yaron yau. Arewa ba ta sami lauyanta na farko ba sai 1955, shi ne Abdulganiyu Folorunsho Abdulrazaq na Ilorin. A zamanin su Aloma kujeru ne ke neman mutane. Yau dubban lauyoyi ake rantsarwa kowace shekara, kuma cika shekara goma izinin shiga layi kawai yake bayarwa. Ƙorafin cewa 'ya'yan alƙalai da na manya sun fi saurin fitowa a jerin sunayen da ke zuwa gaban majalisar NJC mai ba da shawarar naɗa alƙalai ya sha cika jaridu. Kwamitin da ke ba da SAN kuwa ba shekaru yake ƙirgawa kaɗai ba: yana son ganin hukunce-hukuncen shari'o'in da mutum ya gudanar da kansa har ƙarshe a Babbar Kotu, Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli, yana kuma tura mutane su duba ofishinsa. Wanda ya yi shekara goma yana neman a ɗage shari'a a madadin maigidansa, shekarun sun ƙirgu, hannunsa kuwa babu komai.

Ranar kotu ta sabon lauya jira ce. Kotu ta zauna ƙarfe tara, in ta zauna, a fara da shari'o'in manyan lauyoyi da ke zaune a sahun gaba cikin rigar siliki, sannan a gangaro bisa shekarun rantsuwa. Kafin a zo kansa azahar ta yi, abin da zai faɗa kuma bai wuce jimla uku ba: "Ya mai shari'a, maigidana yana Kotun Ɗaukaka Ƙara a Kaduna, muna roƙon a ba mu wata rana." Da yawa suna ɗaukar waɗannan sa'o'i a matsayin wulaƙanci, su sunkuya kan waya. Ni a ganina babu ajin da ya fi wannan a duk karatun lauya, kuma ba a biyan ko sisi. A nan ake ganin yadda gwani ke zagaye shaidar ƙarya har ta faɗa da kanta, da abin da ke harzuƙa wannan alƙali da abin da ke sanyaya wancan.

Wahalar da ta fi jira ita ce ta samun masu kawo aiki. Mutanenmu sun yi imani cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma ba sa ajiye wannan imani a ƙofar ofishin lauya. Alhajin Kantin Kwari da rikicin shago ya kawo zai shigo ya tarar da saurayi mara gemu a kan tebur, ya gaisa da shi da fara'a, sannan ya ce, "Barista, ina maigidan naka? Shi nake son gani." Ko saurayin ya amsa da, "Ranka ya daɗe, ni ke riƙe da fayil ɗin, na kuma karanta shi tsaf," Alhaji zai ce babu komai, zai jira. Ba za a ga laifinsa ba. Ba shi da hanyar auna ilimin lauya, don haka yake auna abin da idonsa ke gani: furfura, mota, girman ofis, da ɗan gidan waye. Ƙa'idojin sana'a kuma sun taƙaita talla, sun hana lauya bin mutane yana roƙon aiki. Saura sai hanyar baki da baki, ita kuwa da 'yan uwa da abokan makaranta take farawa. A nan ne ƙuruciya ke cutarwa ta inda ba a zata ba: abokan ɗan shekara 23 ba su sayi fili ba, ba su kafa kamfani ba, ba su da gadon da za a raba. Dattijon kwastan da ke zaune bayansa a kotu ya shigo da wayar da ke cike da lambobin 'yan kasuwa. Shi yaron sai ya jira sa'o'insa su yi arziki. 'Yan uwa kuwa suna kawo aiki, amma da "Allah ya yi albarka" suke biya.

Sai batun albashi, wanda manyan sana'ar ba sa son a daɗe a kansa. 'Yan manyan ofisoshi a Legas da Abuja, masu yi wa bankuna da kamfanonin mai aiki, suna biyan sababbin lauyoyi abin da mutum zai rayu da shi, amma sukan tace ne daga masu sakamako mafi daraja, kuma gurabensu kaɗan ne. Sauran ofisoshin ƙasar, waɗanda su ne mafi yawa, ɗaki biyu ne ko uku a saman bene, da maigida, da sakatariya, da yara lauyoyi biyu. A irin waɗannan akwai inda abin da ake bayarwa bai kai naira 70,000 da aka tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba, akwai inda babu albashin ma, sai kuɗin mota ranar da aka je kotu. Kuma ba su karya doka ba, domin dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Umarnin da aka fitar a 2023 kan ladan lauyoyi ya tsara abin da mai kawo aiki zai biya ofis ne. Abin da ofis zai miƙa wa yaron da ya kwana yana rubuta takardun, wannan yana hannun maigida. A gefe guda, sai lauya ya biya kuɗin izinin aiki kafin ƙarshen Maris kowace shekara, ya biya na reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA, ya sayi hatimin da aka wajabta liƙawa a takardu tun 2015, ya kuma fito kullum da baƙar kwat da farar riga mai tsabta. Ƙa'ida ta hana shi haɗa aikin lauya da saye da sayarwa, duk da kowa ya san shafukan WhatsApp na matasan lauyoyi cike suke da tallan turare da atamfa.

A kasuwa ma yaron kanti yana yi wa maigida hidima shekaru ba tare da albashin kirki ba, amma kowa ya san ƙarshen tafiyar: wata rana za a sallame shi da jari, a nuna masa masu ba da kaya bashi, kuma maigidan da ya ƙi yin haka zai sha kunya a layinsu. A aikin lauya an riƙe hidimar, an yar da sallamar. Yaro ya yi shekara biyar, ranar da ya ce zai tafi a bi shi da harara, a kuma gargaɗe shi kada ya kuskura ya ja ko mutum ɗaya daga masu kawo wa ofis aiki.

Abin da wannan ke haifarwa shi ne tacewa ta hanyar aljihun iyaye. Ɗan mai hali zai iya zama shekara huɗu a ofishin da ake koyon aiki ba a samun kuɗi, domin yana kwana a gida, ana zuba masa mai. Ɗan talakan da dangi suka yi karo-karo suka biya masa makarantar lauyoyi, tun ranar da aka ɗauki hotonsa da hula ake jiran ya fara sauke buhun shinkafa. Shi ne za ka gani yana zagaya harabar kotun majistare da ofisoshin 'yan sanda yana neman wanda aka kama wa ɗan uwa. Ana yi wa irinsu dariya da sunan lauyoyin beli, ni kuwa ban ga abin dariya a fito da talaka daga ɗakin tsaro ba. Aiki ne da wani ya kamata ya yi, kuma gidajen gyaran hali cike suke da masu jiran shari'a da ba su da kowa. Illar ita ce aikin ba ya girma da mai shi, shekara ta goma kamar ta farko take. Daga nan kuma jarrabawa mafi haɗari ke zuwa. Lauya kan riƙe kuɗin mutane, na cinikin gida, na haya, na diyya, kuma ƙa'ida ta ce a ajiye su a asusu dabam. Saurayin da kuɗin hayarsa ya ƙare ga miliyoyin wani a hannunsa zai ce ara kawai zai yi. Kwamitin ladabtar da lauyoyi ya sha soke sunaye daga kundin Kotun Ƙoli a kan irin wannan aro.

Saboda haka nake ganin babbar shawarar da ke gaban ƙaramin lauya ita ce wa zai zauna a ƙarƙashinsa. Akwai maigidan da sunansa ya cika gari, amma a ofishinsa yaro ba ya wuce ɗaukar jaka da neman littafi. Akwai wanda ba a san shi a jarida ba, amma zai jefa maka fayil ya ce ka rubuto, ya cika takardar da jan biro, ya zauna kusa da kai ranar da za ka yi wa shaidarka ta farko tambayoyi. Na biyun ya fi, ko da albashinsa ya gaza. Ma'aikatar Shari'a ta jiha ma makaranta ce da ake rainawa. Lauyan gwamnati a sashen gabatar da ƙara yakan riƙe shari'ar kisa ko fashi tun a shekarunsa na farko, abin da takwaransa a ofis mai zaman kansa zai daɗe bai taɓa ba, ga albashi a ƙarshen wata, ga kuma hanyar zuwa kujerar alƙalanci da mutane da yawa suka bi. Hukumar ba da agajin shari'a da aka kafa a 1976 ita ma tana jefa mutum cikin aiki tsundum. Buɗe ofis a shekarar farko kuwa, in ba dole ba, gaggawa ce: babu mai duba maka takarda, kuma kurakuranka a kan dukiyar mutane za ka koye su. Lokacin ƙararrakin zaɓe, inda doka ta ba da kwana 21 a shigar da ƙara da kwana 180 a yanke hukunci, manya kan kwashi yara su kwana suna tantance takardun sakamakon rumfuna. Kuɗin na manya ne, amma wanda ya shiga sau ɗaya ya fito da sanin aiki cikin matsi.

Akwai fagen da furfura ba ta da fifiko, wato inda dokar kanta sabuwa ce. Dokar kamfanoni ta 2020, dokar man fetur ta 2021, dokar kare bayanan jama'a ta 2023, dokar lantarki ta 2023 da ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, dokar sulhu da sasanci ta 2023, da dokokin haraji huɗu da aka sa wa hannu a Yunin 2025, duk babu wanda zai ce ya yi shekara talatin yana aiki da su. Wanda ya zauna ya karance ɗaya daga ciki sashe-sashe, ya bi ƙa'idojin da hukumarta ke fitarwa, ya yi rubutu a kai, zai iya zama wanda Babban Lauya ke kira a waya ya tambaya. Wannan ita ce hanya mafi gajarta da na sani ta tsallake layin girma ba tare da an taka kowa ba. Sai dai zamanin da ya buɗe wannan ƙofa yana rufe wasu. Rajistar kamfani, wadda a da ita ce abincin sabon lauya, yanzu ɗan kasuwa na iya yin ta da kansa a shafin hukumar CAC, domin dokar 2020 ta cire wajabcin rantsuwar lauya. Binciken hukunce-hukuncen baya da ake tura yara ɗakin karatu su yi, manhajoji irin su LawPavilion sun rage shi zuwa mintuna, ga kuma ƙirƙirarriyar basira tana tsara daftarin yarjejeniya. Matashi ya fi maigidansa iya sarrafa waɗannan, amma ya tuna da lauyoyin New York da kotu ta ci tarar dala 5,000 a 2023 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙago, ba su duba ba.

Lauyan da ya tashi a Arewa yana da wani jari da sau da yawa ba ya ganin darajarsa. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero suna haɗa wa ɗalibi dokar ƙasa da shari'ar Musulunci, kuma yawancin rigingimun da ke kai talakawa gaban alƙali a nan, aure, saki, riƙon 'ya'ya, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi, a kotunan shari'ar Musulunci ake yin su. Masu iya buɗe littattafan fiƙihu irin su Tuhfa ko Mukhtasar su kafa hujja da Larabci, sannan su juya su rubuta takardar ɗaukaka ƙara da Ingilishi mai kyau, ba su da yawa. Tsarin mulki kansa ya ce a Kotun Ɗaukaka Ƙara dole a sami aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa suka biyo baya, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk na naira biliyan 100 a 2017, ana neman mai iya rubuta yarjejeniyar murabaha ko ijara da za ta gamsar da malamai ta kuma tsaya a kotu. Hausa ma kayan aiki ce. A Babbar Kotu da Ingilishi ake rubuta komai, shaidu kuwa da Hausa suke magana, kuma tsakanin bakin shaida da alƙalamin alƙali tafinta kan zubar da rabin magana. Lauyan da ya kama wannan ya miƙe ya gyara ya ceci wanda yake karewa. Wanda ya ƙara da Faransanci ya san dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda Nijar, Chadi, Kamaru da Benin ke aiki da su, zai tarar cinikin da ke tsakanin Kano, Katsina da Maraɗi, ko na hatsin Dawanau da ke tsallaka iyaka, kusan babu mai rubuta masa takarda.

Ga mace, duk abin da aka faɗa yana nan, da ƙari. Shekarun da sana'a ke neman a kwana a ofis su ne shekarun da gida ke maganar aure, kuma ƙaramin ofis ba shi da wani tsarin hutun haihuwa. Mai kawo aikin da ya raina saurayi zai ɗauki budurwa sakatariya ce. Akwai kuma maigidan da ke neman abin da ba aiki ba, ita kuwa ta san duk garin ofisoshin sun san juna. Duk da haka fara aiki da wuri ya fi yi mata amfani fiye da namiji, domin shekarun rantsuwarta na ci gaba da ƙirguwa ko ta ɗan ja baya don goyo, kuma da yawa sun bi ta ma'aikata da kujerar majistare inda lokaci ya fi tsari. Zainab Bulkachuwa ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 2014, Kudirat Kekere-Ekun ta zama mace ta biyu a kujerar Alƙalin Alƙalai a 2024. Batun hijabi da ya hana a rantsar da Firdaus Amasa a Disamban 2017 an warware shi, aka rantsar da ita da hijabinta a Yulin 2018, kuma wannan ya kwantar wa iyaye da yawa hankali.

Ba kowa ne zai tsaya a kotu ba, ba kuma dole ba ne. Bankuna, kamfanonin sadarwa, hukumomi irin su EFCC da ICPC, rundunar soja da ƙungiyoyin agaji duk suna ɗaukar lauyoyi, wasunsu ma sukan sa iyakar shekaru a tallan aiki, abin da ke yi wa ƙarami daɗi. Sai dai ya sani lauyan da ke karɓar albashin kamfani ba shi da izinin tsaya wa kamfanin a kotu, don haka in ya daɗe a can ya dawo, zai dawo babba a lissafi, sabo a aiki. Mai sha'awar koyarwa na iya gama digiri na uku kafin 30. Mai son fita waje zai sake zama jarrabawa, kamar SQE da Ingila ta ɓullo da ita a 2021. Siyasa ma ta matso kusa tun da dokar 2018 ta sauko da shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25. Wanda ya gane a 26 cewa aikin lauya ba nasa ba ne yana da sararin juyawa da wanda ya gane a 40 ba shi da shi.

An daɗe ana kawo shawarar a wajabta wa kowane sabon lauya zama ƙarƙashin wani babba na shekara ɗaya ko biyu kafin ya buɗe ofis. Ina goyon bayan manufar, domin jama'a ne ke ɗaukar asarar koyon da ake yi a kan shari'o'insu. Amma in aka wajabta zaman ba a wajabta biya ba, an ba masu ofisoshi ma'aikata kyauta da ƙarfin doka, an kuma toshe wa ɗan talaka 'yar hanyar da yake lallaɓawa. A Ingila, wadda tsarinta ake son kwaikwaya, hukumar da ke kula da lauyoyin kotu tana tsayar da mafi ƙarancin abin da za a biya mai koyon, ofishin da ba zai iya ba kuwa ba ya ɗauka. A Najeriya zauren matasan lauyoyi na NBA, wanda ya ƙunshi waɗanda ba su wuce shekara bakwai da rantsuwa ba, yana ta da maganar albashi a kusan kowane taron shekara, 'yan takarar shugabancin ƙungiyar kuma kan yi alkawari a kanta duk bayan shekara biyu, saboda matasa ne ke da yawan ƙuri'a. Waɗanda za su zauna su tsayar da adadin, su kuma hukunta wanda ya ƙi biya, su ne masu ofisoshin da za a ce su biya.